Kaya a ɗakinka, makulli a hannun kamfani

Mai ɗinki, Funtuwa: Assalamu alaikum. Ina so in ji ko akwai wanda ya taɓa shiga halin da na shiga. Shekara biyu da suka wuce na karɓi sola irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan. Na ba da kafin alƙalami, aka kafa mini faranti a kan rufi da akwati a bango, aka ce duk wata in tura kuɗi su aiko da lambar da zan danna. Na yi wata 14 ban yi fashi ba, sai ɗana ya kwanta a asibiti, kuɗin watan ya tafi can. Daren da muka dawo gida batirin cike yake, domin rana ta wuni tana dukan farantin, amma ko ƙwai ɗaya bai kama ba, sai wata 'yar jar wuta da ke ƙyaftawa a jikin akwatin. Da fitilar waya na ba yaron magani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ranar da wakilinsu ya zo, cewa ya yi saya na yi.

Mai gidan kallon ƙwallo, Kano: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ni da kuɗina na sayi tasa da dikoda, amma ranar da wata ya cika ba su da maraba da kwanon da aka kifa. Kwana 30 ɗin kuma tafiya suke yi ko akwai wuta ko babu. Akwai lokacin da taransifomar unguwarmu ta ƙone, janaretana ma ya lalace, na yi kwana 11 a rufe, ba a mayar mini da ko yini ɗaya ba. A 2020 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a kan a riƙa cajin mutum gwargwadon abin da ya kalla, amma har yau na wata muke biya.

Mai shagon ɗab'i, Zariya: Nawa ya fi kama da na Hajiya. A da nakan sayi manhajar zane sau ɗaya a faifai, in yi shekaru ina aiki da ita. Yanzu haya ce, kuma da dala. Da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin ya gagare ni, sai na dakatar. Bayan mako biyu wani tsohon abokin ciniki ya zo a sauya kwanan wata a katin da na taɓa zana masa. Aikin yana cikin kwamfutata, ni na zana shi da hannuna, amma ba ni da ikon gyara ko harafi ɗaya sai na sabunta biya. Wannan ba a kanmu ya fara ba: a 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa na intanet, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, duk da dai an mayar musu da kuɗinsu.

Ɗan acaɓa, Gusau: Ku yi haƙuri, yayyena, ni dai tsarin ya yi mini rana. Ba zan iya tara kuɗin babbar waya a dunƙule ba, sai na karɓa ina biya kullum. Sau uku ana kulle ta, amma da na kammala aka sake mini ita gaba ɗaya. Inda na ji zafi shi ne lokacin da na so sayar da ita don wata lalura, na tarar babu mai saye a kasuwa saboda kullen, alhali na biya fiye da rabi.

Malamin Islamiyya, Katsina: Maganar ɗan'uwa na Gusau ta raba abu biyu da muke gwamutsawa. Shi biyansa yana da ƙarshe, kayan kuma ya zama nasa, su mai gidan kallo da mai ɗab'i kuwa biyansu ba ya ƙarewa. A fiƙihu ma ciniki daban, ijara daban: a ciniki mallakar abu ce take komawa ga mai saye, a ijara amfaninsa ne kawai zuwa wani lokaci, kuma dole kowa ya san wanne ya ƙulla. Ni kaina na sa hannu a takardar sola mai shafi shida da Turanci, ba wanda ya fassara mini, sai daga baya ƙanena ya nuna mini layin da ya ce kayan na kamfani ne har biya na ƙarshe. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani a harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma hana sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu. Hajiya, ki duba takardarki ki ga abin da ta ce game da kuɗin da kika riga kika biya idan suka ɗauke kayan.

Mai ɗinki, Funtuwa: Na gode, Malam. Na ɗauko ta jiya, 'yar maƙwabciyata ta karanta mini. An rubuta cewa idan na yi kwana 90 ban biya ba za su iya kwance kayan, kuma ba a ambaci mayar da ko sisi ba. Saura wata huɗu in kammala, zan lallaɓa in biya, amma na ɗauki hoton takardar da duk rasit ɗina, kuma na nemi wakilin ya rubuta mini ranar da za a cire kullen, ya sa hannu.