Yaro ya ci 'ya'yan cini da zugu: wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Wata uwa, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Shekaranjiya ɗana ɗan shekara 6 ya dawo daga Islamiyya yana ta amai da gudawa, har idonshi ya faɗa. Da ƙyar abokinshi ya ce 'ya'yan cini da zugu suka fasa a shingen maƙwabta, wai ɗanɗanonsu kamar gyaɗa. Sai da aka sa mashi ƙarin ruwa. Ni a birni na tashi, wallahi ban san abin nan guba ba ne. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana.

Dattijo, Daura: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, 'yata. Abin da ke ruɗin yara ke nan, mai kisan yakan zo da daɗi. A farin 1973 ina saurayi, anza ce ta riƙe gidanmu, kuma ban san abin da ya kai ta ɗaci ba. Mata su ɓare ta, su jiƙa kwana da kwanaki suna zubar da ruwan suna sake wani, sai ɗacin ya fita sannan a dafa. Wanda yunwa ta hana shi haƙuri ya ci da wuri, cikinshi ya gaya mashi. Mun ci yaɗiya, mun ci gasaya, mun tsotsi aduwa har leɓe ya tsage. Amma ko ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ba wanda ya kalli gautan kura, duk da kamarshi da gauta.

Mai sayar da kwaɗo, Ƙofar Marusa: Ni kuskurena a tafasa ne. Na aiki ƙanwata ɗiba da damina, ta haɗo da rai ɗore. Allah ya sa warin ya ankarar da ni kafin in dafa. Ku duba ganye: na tafasa guda 6 ne a reshe, biyu-biyu, bakinsu a zagaye. Na rai ɗore sun fi yawa, masu tsini, in ka murza sai wari.

Makiyayi, Mai'aduwa: Tumfafiya ma. Nononta ya faɗa mani a ido ina yaro, kwana uku ina gani dishi-dishi.

Malamin firamare, Katsina: Baba na Daura ya tuna mani da zaƙami. Wani ɗalibina samari suka zuba mashi 'ya'yanshi a zoɓo wajen biki. Bakinshi ya bushe, jiki ya yi zafi, yana kama abin da babu a iska, bai gane mahaifiyarshi ba sai washegari. Haukata yaro ake ce mashi, kuma a juji yake fitowa, da farin fure kamar kakaki, inda yaranmu ke wasa. Raina yana ɓaci in na ji ana ba da labarinshi ana dariya.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, kin kyauta da kika kai shi da wuri. Abin da na fi gani shi ne a ɗura wa yaro manja ko madara, a tura mashi yatsa don ya yi amai. A bari. Man yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. A tsinko ganyen ko 'ya'yan a taho da su asibiti, yana taimaka mana ƙwarai. A lura da zurma da idon zakara, ja mai ɗigon baƙi da yara ke wasa da shi. In aka tauna, sun fi cini da zugu haɗari nesa ba kusa ba.

Wata uwa, Ƙofar Ƙaura: Na gode, Allah ya saka da alheri. Manjan kam surukata ta ba shi kafin in iso. Yau ya sha kunu ya riƙe. Maigidan ya yi magana da maƙwabcin, ya yarda a sare shingen ranar Asabar. Yaya mai kwaɗo, in kin samu rai ɗore ki ɗauko mani hotonshi kusa da tafasa, ina so in nuna wa yarana.