Me za mu kira kumbon da ba mutum a ciki?

Jama'a masu Hausa a baki ku taimaka. Wanda ya tafi sama da kansa mun gama da shi tuni, ɗan sama jannati, kowa ya gane. Amma na'urar da ake turawa ita kaɗai irin su Voyager da Curiosity har yanzu ba ta da tsayayyen suna, yau a ce mutum-mutumi, gobe saƙago, jibi kumbo kawai.

Mutum-mutumi dai bai kwanta min ba sam, Voyager 1 ba kai ba ƙafa, ƙaton faranti ne da eriya, ina kama da mutum a nan? Kumbo kuma ya yi faɗi, wanda ya kai su Armstrong wata a 1969 ma ai kumbo ne.

Ni shawarata a ce ƴar aike. Aikinta kenan, a tura ta, ta gano, ta turo labari.

Wani ya ce min sunan kamar akwai raini a ciki tunda zuwa da kai ya fi aike, kuma a wani wajen da gaskiyarsa, don ƴan sama jannatin shirin Apollo na Amurka a sauka 6 da suka yi a wata sun kwaso duwatsu da ƙasar wata kilo 382, su kuwa kumbunan Luna marasa mutum na Tarayyar Sobiyet guda 3 abin da suka kawo gaba ɗaya bai kai rabin kilo ba. Ƴan Apollo 17 sun zaga kusan kilomita 35 a kwana 3, na'urar Opportunity mai taya sai da ta shekara 14 a duniyar Mars kafin ta ci kilomita 45, ga shi umarni daga nan kan ɗau har minti 20 kafin ya isa gare ta.

To amma ni ban ga raini ba wallahi. Akwai inda in ba aike ba babu zuwa. Wa zai sauka Venus inda zafi ya haura digiri 450? Na'urar Venera 13 ta Tarayyar Sobiyet ta sauka can a 1982 ta yi awa 2 tana turo hotuna. Voyager 1 tun 1977 take tafiya kuma ba dawowa za ta yi ba, ba a yi wa ɗan Adam wannan aiken. In ta lalace kuɗi aka rasa, hatsarin kumbunan Challenger da Columbia masu ɗauke da mutane kuwa rai 14 ya ci.

Saura rarrabewa. Mai yawo a ƙasa mu ce ƴar aike mai taya, mai zagaya duniyar da aka tura ta daga sama ƴar aike mai kewaye. Wacce ke sauka ta tsaya wuri ɗaya irin Venera fa, me kuka gani?