Raba yara aji-aji bisa maki: wa ya ga yadda take kayawa?

Uwar ɗalibi: Jama'a, makarantar su ɗana za ta fara raba yara bisa sakamakon jarrabawa: masu ƙoƙari aji A, saura B da C, wai don cancanta ta yi aiki. Wanda ya taɓa shiga wannan tsarin ya ba mu labari.

Malamar lissafi: Ni a C na koyar. Abin da ba a gaya wa iyaye shi ne har malamai ake rabawa. Gogaggu su tafi A, sabon shiga a jefa shi C. Akwai yarinyar da ke warware lissafi da ka kafin in gama rubutawa a allo, amma karanta tambaya ke ba ta wuya, don ba mai zama da ita a gida. Takarda ta ce daƙiƙiya ce, ita ma ta yarda, ta daina ɗaga hannu.

Tsohon ɗan aji A: Malama, ban musa ba. Amma ni ɗan talaka ne, jarrabawa ce kaɗai ba ta tambaye ni ɗan wane ne ba. A cire ta, sai sanayya da alfarma. Ƙasar Sin ma da ta dakatar da jarrabawar shiga jami'a a 1966, ai dawo da ita ta yi a 1977.

Uba mazaunin Jamus: Ɗan'uwa, matsalar lokacin rabawa ce. A yawancin jihohin nan bayan aji 4 ake yi, yaro na da shekara 10. Nawa bai gama kama Jamusanci ba aka yanke masa hanya, sai da muka yi ta zarya. Finlan kuwa ta haɗe makarantunta a shekarun 1970, yara su yi shekara 9 tare, kuma ita ta zo ta ɗaya a karatu a PISA, gwajin da ke kwatanta ɗaliban ƙasashe daban-daban, na 2000.

Mai koyar da lesin: Ni dai duk sanda aka sanar da rabon aji, wayata ba ta hutawa. Masu hali ne ke kira.

Uwar ɗalibi: Malama, in aka sa shi B, zai iya komawa A daga baya?

Malamar lissafi: A takarda zai iya, Hajiya. Ni ban ga wanda ya koma ba, don kafin nan 'yan A sun yi masa nisa a manhaja. Ki tambayi shugaban makarantar yara nawa suka canza aji bara.