Wa'adin gwajin lafiyata ya kusa ƙarewa, takardun Kanada shiru

Assalamu alaikum. Ina Garwa a Kamaru, maigidana yana Kanada. Wata 16 ke nan da ya cike mini takardun zama na dindindin. Na yi hoton yatsu da gwajin lafiya a Yawunde: mota zuwa Ngaundere, sannan kwana cikin jirgin ƙasa da goyo a baya. Tun daga nan shiru kake ji, shafin intanet na hukumar shige da ficen Kanada kullum "ana dubawa". Sau biyu yana aika musu saƙo, amsar ɗaya ce, a ƙara haƙuri.

Gwajin shekara ɗaya yake aiki, nawa saura mako 3. Kuɗin hanyar nan kuwa ba wasa ba. Don Allah, in koma in sake gwajin da kaina, ko in jira sai sun aiko takarda?