Janaretan maƙwabcinmu na bene yana bakin tagar ɗakin kwananmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka min da shawara. Muna haya a wani gida mai fulat huɗu a Rijiyar Zaki, nan Kano. Mu muna ƙasa, wani magidanci da iyalinsa suna samanmu. Mutanen kirki ne, ranar sunan ɗana ma matarsa ce ta tsaya a kan girki. Matsalar janaretansa ce. Ya ajiye shi a lungun bayan ɗakin kwananmu, daidai gindin taga, ya ɗaure da sarƙa, ya ja waya zuwa sama. Da an ɗauke wuta zai tayar, wani lokaci har asuba. Mu rufe taga zafi ya dafa mu, mu buɗe ga ƙara ga hayaki. Jaririn ba ya barci, ni kuma da ciwon kai nake tashi. Akwai daka da sassafe a samanmu, amma wannan zan iya daurewa. Maigidana ya ce a yi haƙuri, wai mutumin ya girme shi. In hau in sami matar, ko in kai ƙara wurin ejan?

Wata Hajiya daga Kaduna: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki hau. Ba matar ce ta ajiye inji ba. Kina gaya mata, ta gaya wa mijin, kafin magana ta isa kunnensa ta canja kama, gobe ki ji an ce kin je har ɗaki kin yi musu rashin kunya. Wannan ta maza ce. Mijinki ya tare shi a hanyar dawowa daga masallaci, ya ce, "Yaya, don Allah zo ka ga wani abu," ya kai shi lungun lokacin da injin ke aiki. Mai yiwuwa bawan Allah bai taɓa tsayawa wurin da dare ba. Ejan kuwa a bar shi tukuna, wanda aka kai ƙararsa kafin a yi masa magana ba ya mantawa.

Mai gyaran janareta a Sabon Gari: Hajiya ta yi gaskiya, amma ni ciwon kan nan ne ya tsaya min a rai. Anti, ƙara ba ta kisa, hayakin yana kisa. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Alamunta na farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mai barci ba ya jin zuwanta. Jarirai sun fi saurin galabaita. Shawarar masana ita ce inji ya yi nisan aƙalla ƙafa 20 daga taga ko ƙofa, wajen mita 6 ke nan, bakin salansar, wato inda hayaki ke fita, yana kallon waje. Lungu tsakanin katanga biyu shi ne mafi muni: hayaki ba ya samun hanyar fita, ƙara kuma tana bugun bango tana dawowa. Yau ɗin nan ku koma falo da kwana, kuma ki je asibiti ke da yaron, ki gaya musu maganar hayakin.

Gyaran ba tsada. A mayar da shi wajen get, a ƙara masa waya mai kauri, a ɗora shi a kan tsohuwar taya don jijjigar ta daina bin siminti. In salansar ta fashe a canja.

Wani matashi: Ku sayi naku ku ajiye a ƙofar benensa. Kwana biyu zai gane.

Maman 'yan biyu: Haba ƙanina, sai hayakin ya zama biyu, kuma su ne a ƙasa.

Wani malamin Islamiyya: Malama, ki gaya wa maigidanki haƙuri da maƙwabci alheri ne, amma bai hana faɗin gaskiya ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba. In kun yi shiru kun bar mutumin cikin laifin da ƙila bai san yana yi ba. Kuma lafiyar iyali amana ce a wuyan miji, kunyar babba ba ta sauke ta.

Wata lauya: Doka na nan. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara na 2009, kuma kotu na sauraron ƙarar damun maƙwabci. Sai dai ban ba ki shawarar farawa da nan ba, za ki gaji da zirga-zirga, zaman gidan kuma ya lalace. In magana ta ƙi ci, ku rubuta wa mai gidan ko ejan, ku riƙe kwafi. Lungun nan ba na ɗan haya ɗaya ba ne, mai gida ke da ikon cewa ga inda kowa zai ajiye inji. Ki ɗauki bidiyo da dare daga cikin ɗakin, yadda za a ga tazarar taga da injin. Daga nan sai mai unguwa, ko ofishin Hisbah na yankinku, suna yin sulhu irin wannan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidana bayanin hayakin, jikinsa ya yi sanyi, ya ce da isha'i zai sami maƙwabcin. Amma na san abin da mutumin zai ce: a bakin get ɓarayi za su ɗauke.

Mai gyaran janareta: To a kira mai walda ya yi masa keji na rodi, a kafa shi da siminti a sa kwaɗo, sama a rufa da kwano, gefe a bar shi a buɗe don iska. In kuna da hali ku ce za ku biya rabi, da wuya ya ƙi. Kafin a gama kejin dai kada kowa ya kwana a ɗakin nan in inji na aiki, ko da taga a rufe take.