An ce ƙwayar cutar da ke jinin jaririna ba ta jin magani, ku ba ni shawara

Maman Jariri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bakwaini na haifa, yana ɗakin jarirai. Ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi, numfashi sama-sama. Aka fara masa allurar ampicillin da gentamicin, babu sauƙi. Yanzu sakamakon gwajin jini ya fito, likita ya ce wata ƙwayar cuta ce mai suna Klebsiella, kuma magungunan ba sa taɓa ta, za a koma wata allura mai suna meropenem. Surukata ta ce mu canza asibiti tunda sun kasa. Hankalina ya rabu biyu.

Anti Nas: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki ɗaga shi. Ba su kasa ba. Waɗannan allurai biyu su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da su, don ba a zaman jiran sakamako jariri yana galabaita. Gwajin yakan ci awa 48 zuwa 72 kafin ƙwayar ta tsiro a gane abin da ke kashe ta. Klebsiella da yawa suna fitar da wani sinadari da ke lalata maganin kafin ya yi aiki, shi ya sa ake komawa meropenem. Sai yanzu aka san abokin faɗan. Bakwaini kuma sanyin hanya kaɗai ya isa ya kwantar da shi. In har ana buƙatar sauya asibiti, likitan ne zai tura ku da takarda. Ki tambaye shi ko sun duba ruwan ƙashin baya, domin shi ke nuna ko cutar ta kai ƙwaƙwalwa, kuma idan ta kai, allurar takan kai kwana 21.

Malam Mai Gwajin Jini: Maman Jariri, ki riƙe kwafin sakamakon nan, akwai jerin magungunan da ƙwayar ke ji da waɗanda ba ta ji. Kuma wannan ƙwaya a hannu take yawo daga gado zuwa gado. Duk mai taɓa jaririn, ko likita ne, ki roƙe shi cikin ladabi ya wanke hannu ko ya shafa sanitaiza.

Ummu Sadiya: Nawa ma haka ya yi. Ki ci gaba da tatsar nono ana ba shi ta robar hanci. Ko ya murmure kada ki yarda a yanke allurar ba ta cika ba. Surukarki tsoro ne ya kama ta, ku shiga wajen likita tare da ita da maigida, ya yi musu bayani da bakinsa.

Maman Jariri: Na gode ƙwarai. Za mu zauna. Da yamma zan tambayi likita batun ruwan ƙashin bayan. Ku sa shi a addu'a.