Musayar waƙa: As biyu da mai ƙaramin jari

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa, jiya da dare abin ya tsaya min a rai wallahi, muna wasan karta na Texas Hold'em a waya teburin ƙananan kuɗi aka ba ni As biyu (As shi ne kati mafi girma), na gefena jarinsa bai wuce babban bilan 12 ba (bilan shi ne kuɗin dole da ake zubawa kafin a raba kati), sai na ce bari in lallaɓa shi kar ya gudu na amsa kawai, wato na zuba daidai bilan ɗin ban ƙara ba, shi ne fa aka kwashe da jeri, wato katuna biyar masu lamba bi da bi. Amsa-amon yau "ri" ne.

As biyu ne suka zo hannuna,
Gefena ga mai ɗan jari.
Na ce in na matsa zai tsere,
Sai na laɓe ban yi ƙari.
Huɗu suka biyo ni cikin rahusa,
Tebur ya cika kamar Kwari.
Bakwai da takwas ɗin da ya riƙe,
Su suka je suka yi jeri.
Ku gaya min 'yan uwa don Allah,
Ƙaddara ce ko rashin tsari?

Na Kwari:
Wa alaikumus salam, mutumina ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. As biyun nan fa sau ɗaya take zuwa cikin rabo 221, ka zauna ka yi ta zubar da kati kana jira sannan ta zo ka bar kowa ya shigo a banza?

Rashin tsari ne ɗan uwana,
Gaskiya ɗaci gare ta da tauri.
Mai sha biyu ba shi da zaɓi,
Bilan na cin sa yana sauri.
Da ka ƙara da ya turo duka,
Da As da Jak ma zai yi turi.
Kai da mutum ɗaya kai ke sama,
85 ne cikin ɗari.
In sun kai huɗu ta ragu sosai,
Kusa da rabi, ga hatsari.
Wa ke karya kuɗin shaddarsa,
Ran da layi ya cika da 'yan sari?

Auta Hotoro:
Yaya Na Kwari Allah ya ƙara basira, ni tawa matsalar daban ce, in na samu ƙananan tagwaye irin 4 da 4 ba na iya ajiyewa, ina amsa ƙarinsu in ga ko ta ukun za ta fito.

Yaya ni huɗu biyu nake so,
In ta uku ta faɗo na cika buri.
To As da Sarki fa, in mai ɗan jari ya turo duka,
In amsa ne ko in bar wuri?

Na Kwari:
Auta ka saurara da kyau. Ta ukun da kake jira a katuna ukun farko da ake buɗewa a tebur kusan sau ɗaya take fitowa cikin takwas da rabi, sauran duk kuɗinka ka zubar, to in za ka yi wannan jiran sai dai wanda kake fuskanta yana da jari mai kauri da zai biya ka ninkin ba ninkin ranar da ta fito, amma mai bilan 12 me zai ba ka, in ka amsa bilan uku saura tara kawai gare shi, ko ka cinye duka bai rufe asarar sauran ba.

Kar ka zura guga mai tsada,
Rijiyar da ruwanta bai tari.
Huɗu biyu sai gaban mai kauri,
Mai ɗan abu ka bar shi, bari.
As da Sarki kuwa ka amsa,
Kar ka tsaya dogon nazari.
In Sarauniya biyu ya ɓoye,
Kusan raba-daidai ne a kiri.
In As da Sarauniya ya ɗauko,
Uku cikin huɗu naka ne tun fari.

Kuma a ƙananan teburan nan da irin As da 10 ko Sarki da Sarauniya suke yawan turowa, shi ya sa na ce ka amsa.

Baba na Gwammaja:
Yarana na karanta duka, baitocin sun yi daɗi lissafin ma ban ga kuskure ba, amma ba zan wuce in yi shiru ba tunda na ji an ce da kuɗi ake yi.

Yarana ku ji ni da kunnen zuci,
Caca ce ko an canza mata tsari.
Ma'ida aya 90 ta faɗa,
Ta haɗa ta da giya a jeri.
Ƙanƙanta ba ta halatta ta,
Ko naira goma ce ko ɗari.
Mai tebur kullum yana yankarsa,
Ku ci ku faɗi shi yana tari.
Hisba ta kulle shagunan bet,
Sai kuka kai ta waya a asiri?

A 2024 aka yi wannan rufewar a nan Kano, duk kun gani.

Ɗan Fagge:
Baba na ji kuma wallahi ba ni da ta cewa, maganar yankan mai tebur ma na sha gani a lissafina ƙarshen wata. Abin da ke jan raina a wasan lissafin ne da karantar mutum.

Baba na karɓa hannu bibbiyu,
Faɗan uba ba ya zama sharri.
Akwai tebur na cif ɗin wasa,
Ba ko kwabo, can zan yi shiri.

Na Kwari:
Ni ma Baba na ji. Ɗan Fagge lissafin katin duk ɗaya ne a can, sai dai tunda ba kuɗi mutane da komai suke turowa har 7 da 2, to ka rage yaudara ka jira katinka kawai.

Auta Hotoro:
To a teburin kyautan nan ga wadda ta same ni ɗazu a cikin a daidaita sahu wajen Zoo Road, Yaya ka amsa min bayan isha, na sauya amsa-amo zuwa "ba".

Jak biyu ne, ni ne na ƙara,
Mai bilan goma ya turo bai tsaya ba.
Mai kauri ma ya bi bayansa,
Ni kuma ban san ta yi ba.